Yadda Muka Bi Aikin Farfaɗo da Kogin Unguwarmu

Da aka kafa kwamitin mazauna bakin kogi a unguwarmu, ni aka miƙa wa biro da littafi, don rubutuna yana karantuwa kuma ba na ƙin zuwa taro. Saboda haka duk matakin da aikin ya bi, tun daga turken farko da safiyo ya kafa har ɗan kwangila ya kwashe motocinsa, ya bi ta hannuna ko ta gaban idona. Zan faɗi yadda abin ya gudana, ko zai amfani wanda gidansa ke kallon wani kogi ko rafi a cikin birni, kuma aka fara yi masa maganar gyara.

Kogin namu ba wani babba ba ne. Da rani yaro zai iya tsallake shi a wasu wuraren in zai jure warin. Dattawa suna ba da labarin lokacin da ake wanki da kamun kifi a cikinsa, amma ni baƙin ruwa mai kauri na taso na tarar, leda ta naɗe kowane reshe, ƙasan kuma dagwalo ne da in ka jefa dutse ba ka jin ƙararsa. Da damina sai ya rikiɗe. Dalilin a fili yake: lokacin da kewayensa gonaki ne da fili, ƙasa ke shanye yawancin ruwan sama ta sake shi a hankali. Yanzu rufin kwano ne da kwalta da daɓen siminti ta ko'ina, ruwan da a da yake ɗaukar yini kafin ya iso kogi yanzu cikin mintuna yake isowa, gaba ɗaya, ya tarar da kwalbati a toshe da shara, sai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Labarin aikin ya zo mana ne da takarda mai layi kaɗan, aka liƙa a bango, tana cewa za a farfaɗo da kogi kuma duk ginin da ke cikin hurumin ruwa zai tashi. Bayan 'yan kwanaki ma'aikata suka zo da tef da gwangwanin jan fenti. Na tsaya ina kallon wani matashi cikinsu yana zana alama a bangon wata tsohuwa, layin ya bi ta tsakiyar tagarta. Ta fito ta dube shi ta ce, “Ɗana, rabin ɗakin za ku ɗauka ku bar mini rabi?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, ni awo kawai aka ce in yi.”

Tambayar farko da kwamiti ya yi, kuma ita ce na fi so kowa ya riƙe: daga ina aka fara awon? Daga tsakiyar kogi ne, ko daga inda ruwa ke tsayawa da rani, ko daga inda ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa? Tsakanin waɗannan uku akwai layin gidaje guda, wani wurin ma biyu. Muka tarar su kansu ma'aikatan ba bakinsu ɗaya ba, tawaga ɗaya ta auna daga gaɓa, ɗaya daga tsakiya. Ba mu ɗauki wannan da wasa ba, domin labarin Nairobi yana kunnenmu. A can, bayan ambaliyar watannin Afrilu da Mayu na 2024, gwamnatin Kenya ta ce duk wanda ke cikin mita 30 daga bakin kogi ya tashi, katafila ta shiga unguwanni irin su Mathare da Mukuru ƙasa ba ta ma bushe ba. A Jakarta ta Indonesiya ma haka aka yi wa mazauna bakin kogin Ciliwung, aka rushe Kampung Pulo a 2015, Bukit Duri a 2016. Muka rubuta wa hukuma muna neman abu biyu: a ba mu ƙa'idar awon a rubuce, kuma kada a taɓa bulo ɗaya sai an ƙirga mutane.

Ƙirgar nan ita ce ta fi cin lokacinmu, kuma ita ce ta ceci unguwar. Hukuma tana da nata jerin, amma gine-gine ta ƙirga. Gida ɗaya suna ɗaya, na mai gida. To a gida ɗaya za ka tarar da mai gidan ya daɗe da komawa wata unguwa, waɗanda ke ciki 'yan haya ne iyali-iyali, kowa da ɗakinsa, ga wata bazawara da aka ba ɗakin ƙofa tana zaune kyauta, ga mai gyaran takalma da ya kafa rumfa a jikin katanga shekara da shekaru. In aka biya diyya da wancan jerin, wanda ba ya kwana a gidan shi zai karɓa, waɗanda ruwa ke ci kuwa su kama gabansu.

Sai muka raba unguwar layi-layi. Kowane layi mutum biyu daga cikin mazaunansa, namiji da mace, domin akwai ɗakin da ba zai buɗe wa namiji ba, akwai kuma maganar da mace ce kawai za a gaya wa. Kowane ɗaki aka ba shi lamba da alli, aka ɗauki hoton mai ɗakin a tsaye a ƙofarsa lambar tana bayansa. Muna rubuta yawan masu kwana a ciki, shekarun da suka yi, haya ne ko mallaka, sana'ar da ake yi a wurin, da inda ruwa ya kai a bango a ambaliyar da ta gabata. Wannan na ƙarshe ba sai ka tambaya ba, tabon yana nan a jikin bango, sai dai ka ɗora tef.

Ba kowa ya yi maraba da mu ba. Wasu masu gidaje suka hana 'yan hayarsu ba da suna, suna tsoron a raba diyyar. Wasu kuma, da suka ji ana rubuta sunaye, suka kwana suna kafa rumfunan langa-langa, suka kira 'yan uwa daga nesa su zo su tsaya a ƙofa. Maganin wannan shi ne ranar rufe rajista. Ana sanar da ita a fili, wanda aka tarar kafin ranar yana ciki, wanda ya zo bayanta ba ya ciki. Wani lauya da ya taimaka mana kyauta shi ya nuna mana cewa ba mu muka ƙirƙiro wannan ba: yana cikin ƙa'idojin Bankin Duniya kan ayyukan da ke tada mutane, waɗanda suka fara aiki a 2018, kuma ƙa'idojin sun ce ko wanda ba shi da takardar mallaka yana da haƙƙin a taimaka masa ya sake matsuguni. Ko aikin ba da kuɗin bankin ake yi ba, samun wannan a hannu yana sauya yadda ake sauraronka a ofis.

Da muka gama, muka liƙa jerin a inda kowa ke wucewa, aka ba da lokaci don ƙorafi. Nan aka yi ta ta ƙare. Maƙwabci ya san maƙwabcinsa, ba mai iya cusa sunan ƙanensa da ke wani gari ba a tona ba. An yi cacar baki, an yi fushi, wani ya daina gaishe ni har yau. Amma da aka sa hannu a kan jerin, mu da wakilin hukuma, kowane shafi, ya zama ba mai iya ƙarawa ko gogewa a bayan ido.

Ana cikin wannan aka turo wata injiniya mai kula da ingancin ruwa, ta ce tana son wanda zai raka ta ta bi kogin da ƙafa daga inda ya shigo birni har inda ya fita. Muka sa takalman roba muka bi ta. Aikin shi ne duk bututu ko lambatun da ke zuba a kogi a sa masa lamba a taswira, a rubuta launin abin da ke fitowa, da warinsa, da ko yana zuba a ranar da ba a yi ruwan sama ba. Ta ce magudanar ruwan sama da ke zuba da tsakar rani ba ruwan sama take ɗauke da shi ba, wani ne ya haɗa masai ko wurin wankinsa da ita.

Tana da wata na'ura kamar wayar hannu mai igiya, a ƙarshen igiyar akwai ɗan sanda da take tsomawa a ruwa. Iskar oksijin da ke narke a cikin ruwan take aunawa. Ta bayyana mana cewa yawancin kifaye suna bukatar kamar miligiram 5 a kowace lita, in ya yi ƙasa da 2 kuwa sai masu taurin rai. Ƙwayoyin halittar da ke cin najasa su ke shanye iskar, shi ya sa ruwan ke baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A bayan gidajenmu lambar da na'urar ta nuna ko kusa da 2 ba ta kai ba. Wani dattijo ya ce, “Amma Injiniya, ai har yanzu yara suna kama tarwaɗa a nan.” Ta ce, “Baba, tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, ba ta zama shaida. Kuma don Allah kada a ci.” Sauran gwajin a kwalabe ake ɗiba, a sa cikin ƙanƙara, a garzaya da su ɗakin gwaje-gwaje a ranar, don a ƙirga ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bahaya ya shiga ruwa. Inda ta yi yawa, hanyar kwalara da taifot a buɗe take.

Abin da taswirar ta nuna ya wanke mu daga wani zargi da muka daɗe muna ɗauka. Kullum maganar ita ce talakawan bakin kogi su suka kashe shi. Ba na musun namu laifin, masai da yawa a layinmu kai tsaye suke zuba, shara kuma da dare ake watsa ta. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tun kafin ya iso mu ya riga ya mutu. Can sama akwai manyan gidaje masu katanga da suka haɗa sokawe da magudanar titi, akwai mayanka da ke sakin jini da tumbi, akwai wuraren gyaran mota da baƙin mai, akwai wata masana'anta da bututunta ba ya zuba sai tsakar dare. Mu dai a ƙasa muke, inda komai ke taruwa, shi ya sa ake ganin dattin a ƙofarmu. Daga ranar da aka baje wannan taswira a teburin taro, ba a sake cewa kwashe mu shi ne maganin kogi ba.

Sai rigimar zane. Zanen farko da aka nuna mana lambatu ne miƙaƙƙe na kankare, bango a dama bango a hagu, da titi a kowane gefe da fitilu. A takarda yana da kyau. Injiniyar ruwan ce da kanta ta nuna shakka. Kankare yana sa ruwa gudu, to ina zai je da gudun? Unguwar da ke ƙasa da mu. Kuma ba abin da ke rayuwa a cikinsa. Ta kawo misalin Singafo, inda tsakanin 2009 da 2012 aka fasa lambatun kankare mai tsawon kilomita 2.7 a wurin shaƙatawa na Bishan-Ang Mo Kio, aka mayar da kogin Kallang mai lanƙwasa da faɗin gaɓa, in ruwa ya taso ya bazu a kan ciyawa, in ya janye mutane su koma yawonsu. A Munich ta Jamus ma tsakanin 2000 da 2011 an faɗaɗa gadon kogin Isar na tsawon kilomita 8 da wannan tunani.

Manyan baƙi kuwa Seoul ta Koriya ta Kudu suke ambato, kusan a kowane jawabi. Gaskiya abin kallo ne: tsakanin 2003 da 2005, lokacin Lee Myung-bak yana magajin gari, an rushe babbar gadar sama aka tono rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, kusan kilomita 6. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin ruwan da ke gudana a ciki da injin ake turo shi, kimanin tan 120,000 a kullum, daga kogin Han da ruwan ƙarƙashin tashoshin jirgin ƙasa, kuma masu kasa kaya a gefen titi da ke cin abinci a wurin an tashe su. Ni a ganina wannan misali ya fi cutar da unguwanni irin tamu fiye da amfanarsu, domin yana sa shugabanni su ƙyallara ido a kan hoton ƙarshe, fitilu da furanni, su manta da tambayar ina ruwan zai fito kuma ina mutanen za su.

To amma nan ga wata matsala da ba mu iya kauce mata ba. Kogi mai faɗin gaɓa fili yake bukata, filin kuma gidajenmu ne a kai. Wanda ya ce maka za a gyara kogi ba a taɓa kowa ba, daɗin baki yake yi maka. Akwai ɗakunan da ke kan ruwa sosai, an kafa su a kan turaku da buhunan yashi, kowace damina sai an ciro yara ta taga. Waɗannan ko mu ba mu ce a bar su ba.

Misalin da muka riƙe a wurin ciniki na Bankok ne. A ƙarƙashin shirin Baan Mankong da gwamnatin Tailan ta fara a 2003, mazauna bakin mashigin ruwan Bang Bua, iyalai kimanin 3,400, sun haɗa kai suka yi adashi, suka karɓi hayar filin daga gwamnati ta shekara 30, suka rushe gidajensu da hannunsu suka ja da baya, suka sake ginawa a tsare, suka bar hanya a bakin ruwa. Muka ce abin da muke so ke nan: a ja da baya, a ƙara hawa sama, amma a zauna a unguwa. Dalilinmu ba son zuciya ba ne. Mai wanki da guga, da mai dako, da mai aikin gida, abincinsu yana inda ƙafarsu ke kaiwa. Ka ba shi ɗaki mai kyau a bayan gari, kuɗin mota ya cinye abin da yake samu, ba za a daɗe ba zai sayar ya dawo bakin wani rafin ya kafa rumfa.

Cinikin ya ja. Taro ya ɗage, jami'i ya sauya, sabon ya ce bai san da maganar ba. A nan littafin ya yi rana. Kowane zama ina rubuta wanda ya halarta, abin da aka amince, da wanda ya ɗauki alkawarin me, kafin a tashi in karanta da ƙarfi, shugaban zaman ya sa hannu. Ranar da wani babba ya ce ba a taɓa yin maganar 'yan haya ba, na ce, “Ranka ya daɗe, ga shafin, ga kuma sa hannun wanda ka gada.” Abin da aka tsaya a kai daga ƙarshe: layin farko ya tashi, a ba su wuri a wani fili na hukuma da ke cikin unguwar, 'yan haya su sami tallafin kama wani ɗaki da sunansu ba ta hannun mai gida ba, layi na biyu kuma su yanke abin da ya shiga hurumi su gyara da kansu. Sharaɗin da muka kafe a kai shi ne sai an miƙa makulli kafin a rushe. Ba duka aka cika ba. Wasu 'yan haya sun karɓi tallafin, suka nemi ɗaki a kusa suka rasa, suka tafi, ban san inda wasunsu suke ba yanzu.

Daga nan aka zo kan abin da ba mai son ɗaukar hoto da shi, wato najasa. In ba a tare ta ba, duk abin da aka yi a gaɓa ado ne kawai. Biranen da suka yi nasara duk ta nan suka bi, kuma ba da sauri ba. Landan ta gina manyan magudanan Joseph Bazalgette bayan warin da ya addabi majalisa a 1858, duk da haka a 1957 aka ce kogin Thames ya mutu, kuma sai a 2025 aka kammala ramin Tideway mai kilomita 25 don tare najasar da ke malala cikinsa in an yi ruwan sama. Faransa ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 kafin a sake barin mutane su yi iyo a kogin Seine a Paris a 2025, abin da aka hana tun 1923. Kogin Emscher na Jamus an fara aikinsa a 1992, bai rabu da najasa ba sai ƙarshen 2021. Singafo kanta shekara 10 ta ɗauka tana tsabtace koginta, 1977 zuwa 1987.

Mu ba mu da irin wannan kuɗi, sai aka raba aikin irin yadda aka yi a unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan, inda tun 1980 Akhtar Hameed Khan ya nuna cewa mazauna za su iya shimfiɗa ƙananan bututun layinsu da kuɗinsu da ƙarfinsu, hukuma kuma ta ɗauki babban bututu da wurin tacewa. Aka binne babban bututu a gefen kogi yana bin gangare, yana karɓar duk abin da a da ke zuba a ruwa. Kowane layi ya tara kuɗi ya haƙa nasa ramin. Na ga abin da kuskuren gangare ke yi: a wani layi magini ya shimfiɗa bututu da ido ba tare da igiya da ma'auni ba, tsakiyarsa ya lotsa, cikin 'yan makonni dagwalo ya dawo ta masan gidan da ya fi kwari. Sai da aka tone aka sake. Gidajen da bututu ba zai kai ba aka gyara musu ramuka, aka yi yarjejeniya da masu kwashe masai kan inda za su riƙa juyewa, domin a da kogin ne majuyarsu. Na can sama kuwa, masu katanga da mayanka da masana'anta, hukuma ce ta bi su da takardar gargaɗi. Wasu sun gyara. Bututun tsakar daren nan an toshe shi, an sake buɗewa, an sake toshewa.

Yashe kogin shi ne lokacin da unguwa ta fi shan wuya. Motar haƙa tana ciro laka baƙa wulik, cike da leda da tsumma da tayoyi da kwalabe, ana jibgewa a gaɓa don ta tsane kafin tifa ta kwashe. Wari ya hana cin abinci a tsakar gida. Ɓeraye da macizai da aka tasa suka shigo ɗakuna. Wasu suka fara ɗibar lakar a baro wai taki ce, sai da injiniyar ta bi gida-gida tana hanawa, domin a ƙasan kogin birni gubar dalma da sauran ƙarafa masu guba suke kwanciya. Mun matsa a sa wa'adin kwashe kowane tudu, mun kuma matsa a ɗauki matasan unguwa aikin, wanda ya rage satar kayan aiki fiye da duk wani mai gadi.

Gaɓar ba a yi mata bango ba sai a ƙarƙashin gada da inda kogi ya yi kwana mai ƙarfi. A nan ma kejin waya aka cika da duwatsu aka jera, ruwa yana ratsawa, ƙasa tana zama a tsakani har ciyawa ta fito. Sauran wuraren aka kwantar da gaɓar ta yi gangare mai sauƙi, aka dasa jema layi-layi. Saiwarta tana nutsawa mita 2 zuwa 3, tana riƙe ƙasa kamar yadda zare ke riƙe tufa. Wata uku na farko ita ce mai wuya, sai an yi ta ban ruwa ana korar dabbobi. A bakin manyan lambatu aka sa ragar ƙarfe mai tare shara. Raga kuwa in ba mai kwashe abin da ta tara, ita kanta madatsa ce, sai ta jawo ambaliyar da aka ce ana gudu. Kuma ba yadda za ka hana mutum zuba shara a kogi alhali motar shara ba ta taɓa shiga layinsa ba, don haka sai da aka buɗe hanyar da baro da ƙaramar mota za su bi, aka tsayar da ranakun kwasa.

Damina ta farko bayan aikin, ruwa ya taso har ya rufe jemar da hanyar ƙafa, ya kwana, ya janye. Bai shiga ɗaki ba a layinmu. A kwanar da ke ƙasa da gada ya ci gaɓa ya tafi da wani sashe na dashen, aka sake. Ruwan bai zama garai-garai ba, kuma ba wanda zai ce a sha ko a yi wanka. Ya dai tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, warin ya ragu ƙwarai, lambar na'urar injiniya ta ɗaga, ko da yake takan faɗi duk lokacin da aka yi ruwan farko mai wanko tituna. Kwaɗi sun dawo, har wasu na ƙorafin sun hana su barci, zalɓe ma yana sauka da safe.

Wata matsalar kuma ta biyo bayan gyaran, wadda ba ta cikin zanen kowa. Da wari ya tafi, kuɗin haya ya tashi. Dillalai suka fara zagayawa suna tambayar wa zai sayar. Gidan da a da ba mai kallonsa yanzu ana ce masa mai kallon ruwa. Waɗanda aka ba sabon wuri an sa musu sharaɗin ba za su sayar ba sai bayan wasu shekaru, wannan ya ɗan taimaka, amma ɗan haya a layi na biyu ba shi da wannan kariya, kuma mutanen da suka haƙa ramin bututu da hannunsu su ne ake yi wa ƙarin. Kwamiti ya zauna da masu gidaje aka roƙi a yi ƙarin a hankali. Wasu sun ji, wasu sun ce gidansu ne.

Ɗan kwangila ya tafi, lokacin da aka ɗora masa na gyara abin da ya lalace ya ƙare. Yanzu kwashe raga, da yanke jema, da buɗe ramukan duba bututu, da ɗibar ruwa don gwaji, duk suna bukatar mai yi da mai biya, kuma kasafin aikin gini kawai ya sani. Mun raba ragogin layi-layi, matasa suna kwashewa kafin hadari da bayansa, ana ba su ɗan abin da gidaje suka tara. Babban bututu da wurin tacewa sun fi ƙarfinmu. Mun rubuta daftarin yarjejeniya da ke fayyace abin da ke wuyan unguwa da abin da ke wuyan hukuma, da sau nawa za a riƙa gwada ruwan a liƙa sakamakon a fili. Mu mun sa hannu, takardar tana ofishinsu, an ce mu koma bayan an zartar da kasafin sabuwar shekara.